Daga Bakin Huda Amalanke Ke Fara Karyewa

Lokacin kaka, idan aka gama yankan hatsi, hanyoyin karkara suna cika da amalanke. Daga gona zuwa rumbu, daga ƙauye zuwa kasuwa, shanu da jakai ba su hutawa. A lokacin ne kuma ake yawan ganin amalanke zaune bakin hanya, ƙafa ɗaya ta kwanta, damman hatsi sun zube cikin rairayi, mai shi yana tsaye ya riƙe ƙugu. Masu wucewa kowa da abin da yake faɗi. Wani ya ce kaya sun yi yawa. Wani ya ce hanya ce ba ta da kyau. Wani ma ya ce baki ne.

Amma idan aka jawo amalanken zuwa wurin mai gyara, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashi, sau da yawa abin da yake gani daban ne. Ƙarfen bai karye a wurin da yake lafiyayye ba. Ya tsage ne daga bakin huda, inda aka sa bulon, wato babbar ƙusar nan da ake murɗawa. Tsagar ta fara ƴar ƙarama kamar silin gashi. Ta yi wata da watanni tana tafiya a ɓoye. Ranar da amalanken ya faɗa rami da kaya a kai, ranar ta gama aikinta.

Manomin da ya saida sa ko tumaki ya sayi amalanke ya kamata ya san yadda ake huda ƙarfe, ko da shi ba maƙeri ba ne. Sanin ne zai nuna mashi aikin ƙwarai da aikin gaggawa tun bai biya kuɗi ba.

Yadda aikin ya dawo hannun ƙananan maƙera

A da, jaki da raƙumi da takarkari ke ɗaukar kayan manomi. Bayan an kafa hukumar bashi da kwaperatif ta UNCC a shekarar 1962, aka fara yaɗa noma da dabbobi. Cikin shekarun 1970 da 1980, ma'aikatun ƙera kayan noma sun yi aiki a manyan garuruwa: CDARMA a Doso, ACREMA a Tawa, UCOMA a Damagaram, SEFAMAG a Maraɗi. Nan ake ƙera galmar shanu da amalanke, manoma suna ɗauka bashi ta hannun kwaperatif. Daga baya bashin ya tsaya, amma buƙatar amalanke ba ta tsaya ba. Sai masu walda na bakin kasuwa suka ɗauki aikin. Rumfar kwano ɗaya, injin walda ɗaya, maigida da yara biyu ko uku, shi ke nan ma'aikata ta kafu.

Ƙarfen da suke aiki da shi daga waje yake zuwa. Daga bakin teku zuwa Maraɗi ya fi kilomita 1000, kuma kowane kilomita yana ƙara mashi kuɗi. Akwai ƙarfe mai kusurwa. Akwai mai kama da kwalbati, wanda ake ce ma U. Akwai kuma IPN, babban ƙarfen nan da ake ɗora ma rufin ɗaki. Duk wanda aka ɓata da mummunar huda, asara ce. Ba a ɗinke shi kamar ƙwarya.

Amalanken shanu ana yin shi don ya ɗauki wajen kilo 1000, na jaki wajen kilo 500. Wannan nauyi duka yana bi ta kan ƴan bulon da ke haɗa gadon amalanke da sandar ƙafafu, da waɗanda ke riƙe da sandar ja. Idan an ƙirga su, ba su da yawa.

Hanyoyi uku na huda ƙarfe

Hanya ta farko ita ce ta kakanni. Maƙeri ya sa ƙarfe cikin gawayi, yaro ya yi ta zuga har ya yi ja jawur. Sai a ɗora shi kan uwar maƙera, a kafa mahuji, a buga da masaɓa, a juya a buga ta baya. Wannan huda tana da kyau, don ba ta cire ƙarfe da yawa, ture shi take yi gefe. Amma ta ƙaramin ƙarfe ce. Ba wanda zai sa IPN mai tsawon mita 6 cikin wutar maƙera. Kuma zafi yana lanƙwasa ƙarfe, awon da aka yi ya ɓaci.

Hanya ta biyu ita ce ƙonawa. Mai walda ya ƙara ma injinsa wuta, ya danna sandar walda wuri ɗaya har ƙarfe ya narke ya zuba ƙasa. Kafin a sha ruwa an gama. Ita ce ta fi sauri, ita ce ta fi araha, kuma ita ce ke kayar da amalanke. Hudar da aka ƙona ba ta zama da'ira. Bakinta kaca-kaca yake kamar ɓera ya ci ƙwarya. Sama da faɗi, ƙasa a tsuke. Bulon ba ya kwanciya jikinta duka, wuri biyu ko uku yake taɓawa. Da an fara tafiya, waɗannan wurare su cinye, bulon ya samu wurin rawa. Kowane gargada yana buga ƙarfen, hudar tana ƙara tsawo. Ban da haka, ƙarfen da ya narke ya huce da sauri yana iya yin tauri a gefen hudar, kuma kowane ɗan tsini da wuta ta bari wurin fara tsagewa ne.

Hanya ta uku ita ce huji da inji. Ana sa wani ƙarfe mai murɗaɗɗen jiki da baki biyu, wanda masu aiki ke ce ma mesh. Injin yana juya shi, shi kuma yana yankan ƙarfe kaɗan-kaɗan kamar yadda gizago ke sassaƙar itace. Hudar tana fitowa da'ira sosai, sumul, faɗinta ɗaya daga sama har ƙasa. Wani Ba'amurke mai suna Stephen Morse ne aka ba takardar shaidar ƙirƙiro irin wannan mesh a shekarar 1863. Wajen 1900 kuma wasu Amurkawa biyu, Taylor da White, suka gano yadda ake gasa ƙarfen yanka ya riƙe kaifinsa ko ya yi zafi. Jikokin wannan ƙarfe ne ake saidawa a kasuwa da haruffan HSS a jiki.

Ƙaramar huda ba ta da wuya. Yaron da ya yi wata ɗaya a rumfa yana yin ta. Babbar huda ce ke raba gwani da ɗan koyo.

Me ake nufi da babbar huda?

Ana auna huda da milimeta. Milimeta 10 su ne santimeta ɗaya. Wanda ba shi da ma'auni, ya duba aljihunsa. Faɗin dala ɗaya, wato ƙwandalar tamma 5, milimeta 20 ne. Ƙwandalar dala goma milimeta 22 ce. Ta dala ashirin kuma milimeta 26.

Injin huji na hannu, yawancinsa bakinsa ba ya kama mesh da ya wuce milimeta 13. Daga nan zuwa sama, aiki ya zama na injin da ke tsaye kan ginshiƙi, mai teburi da hannun da ake jawowa ƙasa. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne, hudar 20 ba ninki biyu ce ta hudar 10 ba. Ƙarfen da ake cirewa cikinta ninki huɗu ne. Haka yake a gona: idan aka ninka tsawo aka ninka faɗi, noman ya zama huɗu.

Kuma huda tana ɗan fin bulon ɗinta faɗi, don ya shiga ba da duka ba. Bulon na 12, huda ta 13. Bulon na 16, huda ta 18. Bulon na 20, huda ta 22. Wato idan bulon ya kai faɗin dala, hudarsa ta kai faɗin dala goma. Abin da ya wuce haka ya yi yawa.

Yadda gwani ke yi

Gwani ba ya fara da inji. Da awo yake farawa. Ya goge tsatsa, ya ja layi biyu da suka gitta juna, ya ɗora ɗan ƙarfe mai tsini daidai mahaɗarsu, ya buga guduma sau ɗaya. Wannan ɗan gurbi shi ke riƙe bakin mesh. In babu shi, mesh yawo yake yi kan ƙarfe, ya fara ci inda ya ga dama.

Sannan ya ɗaure ƙarfen kan teburi da abin matsewa. Idan dogo ne, ya tokare ɗaya ƙarshen da ganga ko kututture har ya kwanta daidai. Ƙarƙashin wurin huda ya sa guntun katako, don kada mesh ya ci teburin.

Daga nan ya sa ƙaramin mesh, na 5 ko na 6, ya fara huda ƴar hanya. Ga dalili. Idan aka duba tsinin babban mesh, tsakiyarsa ba ta da kaifi. Wani ɗan dakusasshen baki ne wanda ba ya yanka, turawa kawai yake yi. Shi ke cinye ƙarfin mai aiki. Ƙaramar huda tana ba wannan tsakiya wurin shiga, sai bakuna biyu masu kaifi su kama aiki nan da nan.

A nan ne masu koyo ke yin kuskure. Suna ganin tun da ƙaramar huda tana taimako, gara a bi a hankali: 6, sannan 10, sannan 14, sannan 18, sannan 20. Wannan ɓata lokaci ne, kuma ɓata mesh ne. Idan hudar farko ta yi kusa da faɗin babban mesh, ƙusurwoyinsa kaɗai ke ci. Sai ya riƙa cafka yana tsalle, ƙusurwar ta ɓalle, hudar ta fito da gefe-gefe. Ƙaramar huda ɗaya ta isa. In injin ba shi da ƙarfi, a ƙara ɗaya a tsakani. Ban da haka kada a ƙara.

Babban mesh ba ya son gudu

Wannan ita ce maganar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce aka fi takawa. A duba yara idan sun riƙe hannun juna a layi suna kewaya. Na tsakiya taku yake yi a hankali, na ƙarshen layi kuwa gudu yake kamar zai faɗi. Haka gefen mesh yake. A juyi ɗaya, gefen mesh na 10 yana tafiyar milimeta 31, gefen na 20 yana tafiyar 63. Idan aka juya su da sauri ɗaya, babban zai yi zafi ya ƙone.

A kan ƙarfen gini irin na amalanke, mesh na 6 yana jure juyi 1300 cikin minti ɗaya. Na 10, juyi 800. Na 20, juyi 400. Na 30, wajen juyi 260. Ba sai an hardace lissafin ba: idan faɗi ya ninka, a raba gudu biyu. In an yi ƙasa da haka ba laifi. In an wuce ne ake kuka.

Ana rage gudun inji a cikin akwatin da ke samansa. Akwai igiyar roba da ke kan puli masu hawa-hawa. A sa ta kan ƙaramin puli ta wajen moto, da babban puli ta wajen mesh. Aikin minti biyu ne, amma akwai rumfunan da tun ranar da aka sayi inji ba a taɓa buɗe akwatin ba. Wasu ƙananan injuna kuma ko an rage su ƙarshe ba su sauka ƙasa da juyi 500 ko 600. Irin waɗannan ba na babbar huda ba ne, ko mai saidawa ya rantse.

Gudu kaɗan, amma dannawa sosai. Mesh ɗin da ke juyawa ba ya ci, guga yake yi, kuma guga ke kashe kaifi. Gwani yana gane aikinsa daga sassaƙen da ke fitowa. Idan suna fitowa dogaye, a murɗe, farare, ta gefe biyu daidai, aiki yana kyau. Idan sun zama shuɗi, zafi ya yi yawa. Idan gari ke fitowa kuma inji yana ƙara kamar ana yanka ɗan akuya, kaifi ya mutu. Idan ta gefe ɗaya kaɗai suke fitowa, baki ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kuma hudar za ta fi mesh ɗin faɗi.

Ana zuba mai tun daga farko, ana ƙarawa, ana ɗaga mesh lokaci-lokaci don sassaƙe su fita. Akwai man da aka yi don wannan aiki, wanda idan aka gauraya shi da ruwa yake zama fari kamar nono. Inda babu shi, man inji mai tsabta ya fi babu. Baƙin man da aka juye daga mota, wanda aka fi amfani da shi don ba a saye, hayaƙinsa ba shi da kyau ga ƙirji, kuma yana ɓata fata.

Mesh ɗin da ya dakushe ba a jefar da shi. Ana wasa shi a dutsen inji, kaɗan-kaɗan, kada ya yi shuɗi. Tsininsa digiri 118 ne. Masu aiki suna da wata dabara ta awo: a haɗa uwayen bulon biyu masu gefe shida, gefe da gefe. Gurbin da ke tsakaninsu digiri 120 ne. A sa tsinin mesh a ciki a ɗaga wajen haske. In ya zauna daidai, kuma bakunan biyu tsawonsu ɗaya, an wasa da kyau.

Lokacin da hannu ke tafiya

Haɗarin babbar huda yana ƙarshenta. Lokacin da mesh ya kusa ɓullowa ta ƙasa, ƙarfen da ya rage ya zama siriri. Bakin mesh sai ya cafke shi gaba ɗaya. Idan ƙarfen a ɗaure yake, inji ya tsaya ko igiyar roba ta zame, shi ke nan. Idan kuwa yaro ne ke riƙe da shi da hannu, ƙarfen zai ƙwace ya juya tare da mesh kamar takobi. Yana tsinke yatsa, yana fasa ciki, yana karya haƙarƙari. Ƙarfin mutum ba ya riƙe shi, ko ɗan kokawa ne. Shi ya sa gwani ke sassauta hannu idan ya ji mesh ya kusa fita, ya bar shi ya gama a hankali.

Mai huji da injin hannu shi ma bai tsira ba. In mesh ya cafke, injin ne ke juyawa, ya murɗe mashi wuyan hannu. In yana bisa tsani, ya jefo shi ƙasa.

Babbar riga, rawani, carbi a wuya, hannun riga mai faɗi, duk ba su da wuri kusa da inji mai juyawa. Safar hannu ma haka. Tana kare mai walda daga wuta, amma wurin huji ita ke jawo hannu cikin mesh. Sassaƙen ƙarfe kaifinsu kamar aska, ba a share su da yatsa, ba a hura su da baki. A tsaida inji a share da buroshi. A sa gilashi a ido. Kuma makullin da ake ɗaure mesh da shi, a cire shi kafin a kunna wuta, don in aka manta, fitowa yake kamar dutsen majajjawa.

Yaran da ke cikin waɗannan rumfuna, da yawa ƴaƴan manoma ne da aka kawo birni koyon sana'a bayan kaka. Uban da ya kai ɗansa yana da ikon ya tambayi maigida ko akwai abin matse ƙarfe a teburin injinsa. 

Ba ko'ina ake huda ba

Huda mai kyau a mummunan wuri ita ma ɓarna ce. A ɗauki ƙarfe mai faɗin milimeta 50. Idan aka yi mashi huda ta 22, abin da ya rage 28 ne. Kusan rabin ƙarfinsa ya tafi a wannan wuri. Don haka ƙarfe mai kusurwa na 50, bulon na 12 ya ishe shi. Wanda ke son babban bulon, sai ya sayi ƙarfe mai faɗi.

Daga tsakiyar huda zuwa bakin ƙarfe, a bar faɗin huda ɗaya da rabi. Daga tsakiyar wata huda zuwa tsakiyar ta kusa da ita, a bar faɗin huda uku. In ta matso baki ƙwarai, bulon zai yage ta ya fita, kamar yadda ɗan kunne mai nauyi ke yage kunne.

IPN kuma yana da nashi hali. Yana da leɓe a sama, leɓe a ƙasa, da bango a tsakani. Idan aka ɗora mashi nauyi, leɓen sama matsuwa yake, leɓen ƙasa jan shi ake yi kamar igiyar guga. Tsakiyar bangon ita ce ba ta wahala sosai. Saboda haka huda a tsakiyar bango ba ta rage mashi ƙarfi da yawa. Amma huda a leɓen ƙasa, a tsakiyar ɗaki, kamar a yanki rabin igiya ne a ce ta ci gaba da ɗebo ruwa. Masu huda IPN na rufi don su rataya fanka ko buhu su kiyaye wannan. Kuma leɓen IPN da na U ba shimfiɗe suke ta ciki ba, gangare gare su. Idan dole a sa bulon a nan, sai da zobe mai gefe ɗaya kauri gefe ɗaya siriri, in ba haka ba bulon ya lanƙwashe wurin ɗauri.

Idan za a haɗa ƙarfe biyu, gwani yana matse su tare ya huda su lokaci ɗaya. Haka hudar ke haɗuwa daidai. Wanda ya huda kowane daban, sau da yawa sai ya tarar sun saɓa. A nan ne shaiɗan ke raɗa mashi ya ɗauko sandar walda ya faɗaɗa. Sauri ya haifi nawa.

Akwai kuma ƙarfen da ba ya hudawa sam, kamar bakan mota da ake sayowa wurin ƴan gwangwan. An gasa shi ya yi tauri. Mesh na zamewa kansa ya ƙone a banza. Maganinsa yana wurin maƙerin gargajiya: a gasa wurin har ya yi ja, a turbuɗe shi cikin toka ya kwana yana hucewa a hankali. Da safe ya yi laushi. Sai dai wurin da aka gasa ya rasa taurinsa na baka, a san da wannan.

Inda babu wuta, da inda hudar ta fi ƙarfin mesh

Garin da ba shi da lantarki ba a rasa dabara ba. Akwai injin huji da ake kafewa jikin ginshiƙi ana juya shi da hannu. Akwai kuma wanda ake ja da dogon hannu gaba da baya, ana ɗan murɗa shi yana dannawa. Da irinsa aka huda ƙarfen gadoji da na hanyar jirgin ƙasa tun lantarki bai yaɗu ba. Yana da nawa, yana sa gumi, amma ba ya ƙona mesh, don ba shi da gudu.

Idan hudar ta kai milimeta 30 ko 40, ƙaramin inji ba ya iya juya mesh ɗinta. Sai a nemi zarto mai kamar ƙoƙo, mai haƙora a baki. Shi ba ya cinye tsakiyar ƙarfe, zobe kawai yake yankawa, tsakiyar ta faɗo kamar ƙwandala. Aikin ya ragu ƙwarai. Amma yana son gudu kaɗan ƙwarai da mai da yawa, kuma ya fi dacewa da ƙarfe marar kauri.

Manyan masu aikin gini suna da wani inji mai maganaɗisu a gindi. Ana ɗora shi kan IPN, a kunna, ya manne kamar kaska, ya huda ƙarfen inda yake. Yana son ƙarfe mai kauri, marar tsatsa. Maganaɗisun yawancinsu da lantarki yake aiki. In wuta ta ɗauke, sakin ƙarfen yake yi ya faɗo. Wanda ke aiki da shi a sama ya ɗaure shi da sarƙa, kuma kada kowa ya tsaya ƙarƙashi.

Ranar sayen amalanke

Mai saye yakan duba taya, ya duba fenti, ya buga katako ya ji ƙara. Ya ƙara da duƙawa. Fenti yana rufe abubuwa da yawa, kuma zoben da ke ƙarƙashin bulon yana rufe hudar gaba ɗaya. Ba rashin kunya ba ne mutum ya ce: «Maigida, don Allah a kwance mani bulon ɗaya in gani.» Mai aikin ƙwarai ba ya jin haushin wannan, daɗi ma yake ji.

In an kwance, a sa yatsa a hankali. Hudar inji sumul take, da'ira, tana ƙyalli ta ciki. Hudar wuta baƙa ce, da ƙuraje, da guntayen narkakken ƙarfe a gefe. A maida bulon a girgiza: motsin kada ya wuce milimeta 2. A duba ko hudar ta matso bakin ƙarfe. A duba ko bulon ya fito bayan uwarsa da zare biyu ko uku. Wuraren da suka fi son dubawa su ne inda sandar ƙafafu ta haɗu da gado, da gindin sandar ja.

Amalanken da aka huda da inji yana iya fin ɗaya kuɗi kaɗan, don mesh tsada gare shi kuma aikin ya fi cin lokaci. Mai saye ya auna wannan bambanci da kuɗin gyara tsakiyar kaka, da kwanakin da hatsi zai yi a gona yana jiran gara da dabbobi, da ƙafar sa idan kaya suka faɗo mashi.

Wanda ya riga ya sayi mai ƙonanniyar huda, kada ya jira ta tsage. Ya kai a gyara hudar da magagari mai zagaye har bakinta ya yi sumul. In akwai wuri, a huda ta da inji zuwa faɗi na gaba a sa bulon da ya fi kauri. In babu wuri, a liƙa wani guntun ƙarfe mai kauri a kai, wanda aka riga aka huda da inji. Sabon amalanke kuma, bayan sati ɗaya yana aiki, a bi bulon ɗinsa duka da makulli a ƙara ɗaurewa, don fenti da tsatsa suna murƙushewa su bar sako-sako. A sake bi kafin damina, a sake bi kafin kaka. Idan aka ga jan garin tsatsa yana fitowa daga ƙarƙashin wani bulon, wannan bulon yana motsi. A kwance shi a duba hudar kafin a ɗora kaya.